An Zura Sakata Daga Waje

Ƙarfe goma saura kwata na safiyar Talata aka bugo wa Sufeto Muhsin waya, yana tsaka da dangwalar ful, dafaffen waken Larabawa, da burodi. An ce an sami gawa a wani sito da ke bakin tsohuwar hanyar Jidda, kuma ma'aikatan wurin duk Hausawa ne.

Wannan "Hausawa ne" shi ya sa aka neme shi. A takarda shi Naƙib ne, wato kyaftin na 'yan sanda, haifaffen unguwar Misfala a Makka, jikan wani mutumin Haɗeja da ya tako da ƙafa ta Sudan. Amma daga unguwar Mansur har ta Shisha babu mai ce masa Naƙib, Sufeto kowa ke cewa. Hausarsa ta kaka ce, ta sha Larabci har ta ƙoshi, tsofaffi kan yi masa dariya in ya ba da baya. Bai damu ba. Ya daɗe da gane cewa mai yi maka dariya yakan manta ya tsare bakinsa.

Tun daga bakin get warin ya tare shi, irin na ruwan wanke farin kaya, amma mai shaƙe maƙogwaro. 'Yan kwana-kwana sun riga sun zo sun kora iskar.

Ɗakin haɗi yana can ƙuryar sito. Ba shi da taga, sai wata 'yar fanka a sama wadda ta mutu tun bara. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, sakatarta kuma daga waje take.

A bayan ƙofar nan aka sami Rabe, mutumin Damagaram, mai shekara talatin da huɗu. Sufeto ya tsuguna ya ɗaga hannun mamacin. Farata uku sun karye, sauran kuma fentin ƙofar ne cike a ƙarƙashinsu.

Ya daɗe a tsugune. Ya ga gawa da yawa a wannan aiki, amma wannan ta taɓa shi, domin mutumin bai mutu nan take ba. Ya nemi hanyar fita, wani ya hana shi.

Injiniyan kamfanin, wani dogon Basudane da kowa ke kira Muhandis, yana tsaye yana share zufa.

"Me kuke yi a nan da ke kashe mutum?" in ji Sufeto.

"Wallahi ya Naƙib, abin da muke haɗawa ba ya kisa. Jirgin ruwa in ba shi da kaya, sai ya sha ruwan teku a cikinsa don kada iska ta kifar da shi. Ruwan nan yana zuwa da ƙananan halittu na wata teku, sai a kashe su da kulorin. To in jirgin ya iso Jidda zai ɗauki kaya, dole ya amayar da ruwan. In ya amayar da shi da kulorin a ciki, kifinmu ya mutu. Shi ne muke jiƙa musu maganin da ke kashe kaifin kulorin kafin su zubar. Sunansa sodiyam tayosalfet."

"Sodiyam me?"

"Su ma ma'aikatan ya fi ƙarfin bakinsu. Kanwa suke ce masa. Wai yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa."

"To kanwa ce ta kashe shi?"

Muhandis ya nuna wata farar roba da ke yashe a gindin tanki. "Wannan ba kanwa ba ce. Garin kulorin ne, wanda muke kai wa otal-otal don tankunansu. Wani ya juye shi a tankin da ke da ragowar kanwar jiya. Masu ƙarfi biyu in sun haɗu babu isasshen ruwa a tsakaninsu, sai tafasa da hayaƙi."

Sufeto ya bi kantocin da kallo. Na ƙarfe ne, an shigo da su daga waje da lambobinsu na boko a jiki. A kanta ta 6 akwai fararen robobi. A kanta ta 7 ma fararen robobi ne, girma ɗaya, murfi ɗaya, takardun jikinsu duk zafi ya ɓamɓare su.

"Rabe zai iya kuskure?"

"Shekara huɗu yana wannan aiki. Ko ido rufe yana bambance su da wari. Ga ma takardar da na bari jiya, akwai jirgin da ke jira a tasha, ya kasa zubar da ruwansa."

Takardar tana maƙale a ƙusa, da rubutun Larabci: roba biyu daga kanta ta ٦. Sufeto ya ninke ta ya sa a aljihu.

Da zai fita, ya hango safar hannu ta roba guda ɗaya a tsakar sito, taku goma daga ƙofar, a ɓangaren waje. Rabe kuwa nasa biyun suna soke a ƙugunsa.

Kafin azahar an riga an kai maigadin sito ofis. Sunansa Maharazu, dattijo ne ɗan Gwarzo, shekararsa ashirin da biyu a Makka. Shi ya zare sakatar, shi ya kira 'yan sanda, kuma zanen yatsunsa kaɗai aka samu a jikinta.

"Ammi Maharazu, ina kake daga takwas zuwa tara da rabi?" in ji Sufeto, yana kiransa baffa da Larabci.

"Ina bakin get, ranka ya daɗe."

"Ba ka motsa ba?"

"Ban motsa ba."

"Daga kujerarka zuwa ƙofar nan taku ashirin ne, na ƙirga. Mutum ya buga ƙarfe har faratansa suka karye. Ba ka ji ba?"

Maharazu ya sunkuyar da kai. "Ban ji ba."

"Kurma ne kai?"

"A'a."

"An ce kun yi cacar baki da Rabe jiya."

"Magana ce ta 'yan'uwa. Ya yi mini nasiha, na ji zafi, shi ke nan."

"Nasiha a kan me?"

Maharazu ya kau da kai.

Sufeto ya matso da kujera. "Ammi, bari in faɗa maka da Hausa, kada ka ce Larabci ne ya shige maka duhu. Wanda ya zura sakatar nan, kisa ya yi. In aka ce da gangan ne, ƙisasi ne. Ka san inda ƙisasi yake ƙarewa."

"Na sani."

"To faɗa mini inda kake."

"Ina bakin get."

Sufeto ya tashi cike da haushi. Amma da ya zagayo ta bayansa, sai ya ga wani zagayayyen baƙi a saman hularsa, da ɗigon mai a kafaɗar rigarsa. Baƙin gindin tukunya ne. Maigadin sito da ke zaune a kujera tun asuba, ina ya haɗu da tukunya?

A baranda shugaban ofis ya tare shi. "Khalas, an gama, ya Muhsin. Yatsunsa ne, ga faɗa, ga ƙarya. Ranar Alhamis fayil ya tafi Niyaba." Wato ofishin masu gabatar da ƙara. Fayil in ya shiga can, sai dai addu'a.

Da la'asar motar kamfanin ta dawo, aka shigo masa da sauran ma'aikata biyu. Tsoho direba, Bamaraɗe mai furfura a gemu, da Abdulwasi'u mai lodi, wanda watansa takwas da zuwa.

Abdulwasi'u ya fi ƙarfin lodi, kuma yana so a sani. Shekararsa arba'in, da alƙalami biyu a aljihun gaba. Kafin a tambaye shi ya bayyana cewa shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyar da kimiyya a wata sakandare a Zariya.

"Ina kake da safe?"

"Jidda, yallaɓai. Ƙarfe takwas muka fita da Tsoho, da lodin jiya."

"Haka ne, Tsoho?"

Tsoho ya kafa wa silin ido. "Haka na, ranka shi daɗe. Tare munka tahi."

"Faɗan jiya fa?"

"Ni na ji da kunnena," in ji Abdulwasi'u. "Rabe ya ce masa wata rana sai ya faɗa wa Muhandis. Maharazu ya ce in ya fasa bai haifu ba. Ba na son in sa dattijo a uku, amma gaskiya ɗaya ce."

Yana rufe baki tari ya sarƙe shi, busasshe, har sai da ya dafe tebur. Idanunsa jawur.

"Lafiya?"

"Mura ce, yallaɓai. Sanyin na'urar mota."

Sufeto ya dubi Tsoho, wanda ya yini a gaban na'ura ɗaya amma ko atishawa bai yi ba. Sai ya sallame su.

Safiyar Laraba ya cire kaki ya sa farar jallabiya, ya nufi Mansur. Ya bar mota a bakin titi ya shiga lungu da ƙafa, yana tambayar gidan Maharazu. Bai sha wahala ba. Kowa ya san gidan Adama mai masa, matar Maharazu maigadi.

Yau babu wuta a murhu. Manyan tukwane biyu suna kife a bakin ƙofa, ga gammo a kan ɗaya.

Tana ganinsa ta gane shi. Ba ta gudu ba, don babu wurin gudu. Ɗaki ɗaya ne da ƙofa ɗaya, shi kuma yana tsaye a bakinta.

"Khala," ya ce, wato inna da Larabci, "ba kama ki na zo yi ba. Wa ke ɗaukar miki tukwanen nan zuwa bakin titi?"

Ta fashe da kuka. "Shi ne. Kullum in takwas ta yi sai ya sato jiki ya hau tasi ya zo. Bayana ya mutu, ba na iya ɗauka. Tara da rabi yake komawa. Abin da Rabe ya yi masa faɗa a kai ke nan, Allah ya ji ƙan Rabe, gaskiya ya faɗa."

"To me ya hana shi faɗa? Wannan ai ita ce za ta fitar da shi."

Ta share ido da bakin mayafi. "Sufeto, da bizar Umara na shigo, shekara tara ke nan. Ba ni da iƙama, takardar izinin zama. In ya ce yana wurina, za a ce a kawo ni in ba da shaida. Daga teburin shaida sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora, daga nan sai jirgi. Ba mu da kowa a gida, 'ya'yanmu biyu a nan ƙasar muka binne su. Ya taɓa rantse mini, wai shi da bakinsa ba zai miƙa ni ba."

Nan Sufeto ya gane inda dattijon yake tsaye. Gaba kura, baya sayaki. In ya yi magana a kwashe matarsa, in ya yi shiru a fille kansa, kuma ya zaɓi shirun.

Adama ta ja mayafi ta miƙe. "Mu je. Gara a mayar da ni Gwarzo ina da miji, da in zauna a Makka ina takaba."

"Zauna tukuna, khala. Ina da sauran yini guda. Wa ya san yana barin get?"

"Duk sun sani. Shi yake kai musu masa in zai koma. Rabe da yaji, Tsoho da sukari, Malam Bakwai kuwa wai shi sai da cokali mai yatsu."

"Wa?"

Duk da hawayen sai da ta murmusa. "Abdulwasi'u mana. Ai nan lungun ba a san shi da wani suna ba. Satin da ya zo aka rubuta masa lambar ɗakin da zai sauka, ɗaki na shida. Shi kuwa ɗan boko, ya ga shidan Larabci ya ce bakwai ce. Ya ƙirga ƙofofi ya banka ta bakwai, ya tarar da wata Hajiya 'yar Chadi tana tsefe kai. Da ludayi ta rako shi har titi. Rabe ne ya laƙaba masa sunan. Ba ya so ko kaɗan, in an faɗa har rawa jikinsa yake yi."

Sufeto ya sa hannu a aljihu ya zaro takardar Muhandis. Shi da aka haifa a nan, bai taɓa ganin komai a wannan lamba ba sai shida. Yanzu ya dube ta da idon wanda ya yi shekara talatin yana rubuta lambobin boko. Ga ta nan tsaye, ٦, bakwai sak.

"Ammi Maharazu fa, yana rikita su?"

"Shi? Shekara ashirin da biyu? Ko a mafarki da Larabci yake ƙirga."

Daga Mansur ya buga waya tashar jiragen ruwa. Takardar shiga ta ranar Talata suna ɗaya ne a kanta. Ya sa aka kawo masa Tsoho shi kaɗai, ya ajiye masa kwafin a gabansa.

"Tsoho, ko Abdulwasi'u a aljihunka ka shigar da shi?"

Tsoho ya cire hula ya mayar. "Ranka shi daɗe, ban iya ƙarya ba, kai ma ka gani. Ni ɗai nit tahi. Ina hanya ya kira ni yana kuka, ya ce an yi hatsari, 'yan sanda za su zo. Iƙamarshi ta direban gida ce, ta wani kafili daban, wato ubangidan da ya tsaya mashi, in an ishe shi cikin sito sai tarhil. Ya ce in ce muna tare. Da na dawo na ɗauke shi a gidan mai. Wallahi ban san akwai sakata cikin zancen ba. Cewa na yi ɗan'uwa nike rufa ma asiri."

"Ka rufa wa ɗaya asiri, ka tona wa ɗaya kabari."

Tsoho ya rufe fuska da tafukansa.

Da la'asar Sufeto ya sa aka kai Abdulwasi'u sito. Ya same shi tsaye a gaban kantoci, alƙalumansa biyu suna nan daram.

"Malam, taimako nake nema. An ce duk wurin nan babu wanda ya kai ka sanin kimiyya."

Abdulwasi'u ya gyara tsayuwa. "Ai fannina ne, yallaɓai."

"Masu gwaji suna jira a waje, sauri suke. Ga jerin kantocin da za a ɗebo musu samfur. Karanto mini, ni in nuna wa kofur. Yalla, da sauri."

Ya miƙa masa takarda mai lamba huɗu da rubutun Larabci.

"Ɗaya," in ji Abdulwasi'u. "Tara. Ɗaya kuma. Bakwai..."

Ya tsaya. Bakinsa ya kasa rufuwa.

"Shida," ya gyara da ƙaramar murya. "Shida ce."

"Shida ce," in ji Sufeto. "Jiya ma shida ce."

Ya zaro takardar Muhandis ya ɗora a kan roba. Ya ɗora kwafin takardar tasha. Ya ɗora safar hannun a sama.

"Tsoho ya yi magana. Likita zai duba ƙirjinka ya gaya mana ko mura ce. Ɗayar safar nan ma za mu same ta. Amma ni ba su nake so ba. Akwai dattijo a kulle, gobe fayil ɗinsa zai tafi. Kai ka san abin da ke jiransa, kuma jiya da bakinka ka ƙara masa itace a wuta."

Abdulwasi'u ya zauna a ƙasa, ya jingina da kanta ta bakwai.

"Wata takwas ina ɗaukar roba a ka, yallaɓai. Ni da nake koya wa yara sunan abin nan da suke ce wa kanwa. Muhandis ya taɓa cewa in na nuna na iya haɗi, zai sa a dawo da kafalata kamfani, in huta da ɓuya. Jiya na ga jirgi yana jira, Tsoho ya tafi, Maharazu ya tafi wurin tukwanensa. Na leƙa ɗakin ban ga Rabe ba. Na ce yau ce ranata. Na dubi takarda sau ɗaya, na ɗauko roba."

Garin neman gira ke nan.

"Ina juyewa tankin ya hau tafasa. Hayaƙi ya doke ni a ido. Na fito da gudu, na ja ƙofa, na zura sakata don kada ya bazu unguwa ta taru. Wallahi tallahi a lokacin ban san yana ciki ba. Ashe yana bayan babban tanki a kwance, yana canja abin tace ruwa."

"Na yarda. Daga nan fa?"



"Daga nan ya fara bugu."

"Kana ina?"

"Nan. Inda aka tsinci safar. Na cire ɗaya zan koma in zare. Sai na tuna in ya fito zai faɗa. Za a kira 'yan sanda, a duba iƙama, a sa ni a jirgi. In sauka a Zariya da jakar leda, bayan na tara 'yan'uwa sun raka ni filin jirgi. Na ce bari in ƙirga goma hayaƙin ya lafa. Na ƙirga goma. Na sake ƙirga goma."

"Ya san kai ne?"

Hawaye suka zubo masa. "Ya hango ni lokacin da nake juyewa. Da farko yana cewa, 'Malam Bakwai, buɗe! Malam Bakwai!' Ko a wannan hali, sunan nan. Zuciyata ta ƙeƙashe, yallaɓai, ba zan ɓoye maka ba. Na ce ka ji shi ko, har yanzu."

Ya share ido, ya ci gaba.

"Sai ya daina. Na ɗauka shi ke nan. Can sai na ji murya ƙasa-ƙasa ta ƙarƙashin ƙofa. Ya ce, 'Abdulwasi'u. Don Allah.' Tunda na zo ƙasar nan bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Ni kuwa na juya na fita ta get."

Kofur ɗin da ke tsaye ba ya jin Hausa, amma shi ma ya kau da kai. Sufeto ya ji tausayi da ƙyama a lokaci guda. Ya zaro ankwa.

"Tashi, Abdulwasi'u."

Kafin magariba an rubuta ikirarin, ya sa hannu. Sufeto ya karanta fayil ɗin daga farko har ƙarshe. A inda aka tambayi ina maigadi yake, ya rubuta cewa ya bar bakin aikinsa na awa ɗaya da rabi ba da izini ba, kuma wannan tsakaninsa da kamfani ne. Mai laifi ya amsa laifinsa, shari'a ba ta buƙatar wani shaida. Sunan Adama bai shiga ko layi ɗaya ba.

Da kansa ya sauka ɗakin tsaro. Maharazu yana zaune a kusurwa da carbi, ya ɗago a firgice.

"Ammi, tashi ka tafi gida."

Dattijon bai motsa ba. "Wa kuka kawo?" in ji shi. "Ranka ya daɗe, wa ya yi magana?"

"Ba wadda kake yi wa fargaba ba ce." Sufeto ya rage murya. "Tukwane biyu suna kife tun jiya. Gobe takwas akwai mai ɗauka, ko babu?"

Maharazu ya dube shi. Ya kama hannun Sufeto da hannu biyu ya riƙe, yana kuka kamar ba dattijo ba.

A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da wanda aka kawo. An karɓe alƙaluman, aljihun ya zama fayau. Abdulwasi'u ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba Maharazu, ka yafe mini."

"Nawa mai sauƙi ne, na yafe," in ji Maharazu. "Na Rabe kuwa ba a hannuna yake ba." Ya sa takalmansa ya hau matakala.

Abdulwasi'u ya shiga. Ya dubi bango huɗu, ya ɗaga kai ya ga 'yar fanka a sama. Da kofur ya kama ƙofar zai ja, sai ya yi wuf ya tare ta da tafin hannu.

"Yallaɓai, don Allah. A bar ta a buɗe ko kaɗan ne."

Sufeto Muhsin ya dube shi. Ya tuna farata ukun nan.

"Shi ma abin da ya roƙa ke nan," in ji shi.

Kofur ya ja ƙofar, ya zura sakata daga waje.